Naman Kazan da Ya Zo Ba Wutsiya

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ne, ranar Laraba, na idar da sallar la'asar ban ko naɗe darduma ba. Mu uku ne a tsakar gidanmu na Unguwar Rogo: ni, da matar ɗana tana hura gawayi a bakin madafa, da jikata, babbar 'yarsu, wadda ke karatu a makarantar gaba da sakandare. Na san lokacin daidai saboda agogon bango yana kallon inda nake salla, kuma ni mace ce mai son a san abin da ya riga wani. An kwana biyu ana ruwa. Jikata ta ɗauko baƙar ledar da ta shigo da ita, ta zazzage ta a faranti, sai ga naman kaza, wannan mai tsirowa a ƙasa da damina, farare manya-manya, kowanne an yanke gindinsa da wuƙa, an wanke shi tas.

Ta ce, "Kaka, yau za ki ci abin 'yan gayu. Bayan filin ƙwallon makarantarmu nis samo shi, cikin haki."

Na ce, "Ina wutsiyatai?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wace wutsiya kuma? Akuya anka ce miki na kawo? Na ɗauki hotonai da waya, ta ce ana ci."

Na tashi na mayar da shi cikin ledar, na ƙulle bakinta, na kai ɗakina na sa ƙarƙashin gado. Matar ɗana ta ce, "Haba Inna, yarinya ta wahala, ga mai na riga na ɗora." Na ce mata ta soya albasa da shi, wannan abu ba ya shiga tukunyar gidan nan ina raye. Mutum tara ke cin tuwon dare a tukunyar, har da yara ƙanana biyu. Jikata ta shige ɗaki tana cewa kome na zamani ba na so. Ban bi ta da lallashi ba, domin ba a yi mini lallashi ba ranar da na yi irin wannan kuskure. Amma na ga ya kamata in rubuta dalili daki-daki, da ɗan karatun da na samu a ajin manya, don kada a ce tsufa ne kawai.

A ƙauye na tashi, yamma da birni, ta wajen da manyan motoci ke bi yanzu zuwa Kalambaina. A lokacin, in ka bar gonakin gero na bayan gari sai ka shiga daji sosai, sabara da geza da kalgo sun haɗe kai, ga marke da tsamiya jefi-jefi, ga suri jajaye tsaitsaye kamar rumbunan da ba a yi wa jinka ba. Idan marka ta kankama, kunne ba ya hutawa. Kwaɗi na kuka a tafki tun magariba, da asuba fakara ta karɓa, sai kurciya, sai sautin taɓarya gida-gida, wata na bugawa wata na amsawa, har kana iya gane matar da ke daka daga jin lugudenta. Yarinya takan fara da shara, ta ɗebo ruwa tulu uku, ta kai awaki bakin turke, ta yi surfe, sannan a ba ta ƙwarya ta tafi neman ganye. Watannin nan su ne mafi wuya a shekara. Tsohon hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu, sabo bai nuna ba, gero ya yi ciki amma ba a kai ga tumu ba. Tafasa da lalo da yaɗiya su ke riƙe gida. Nama kuwa sai an yi suna. Shi ya sa ranar da aka yi ruwa mai tsawa, aka wayi gari rana ta fito da zafi, sai ka ga mata sun nufi suri da sassafe, domin a irin wannan safiya naman kaza ke fitowa, kuma kafin azahar tsutsa ta riga ka.

Wadda ta koya mini ita ce Goggo, yayar mahaifina, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta. Gajeruwa ce, haƙoranta jajaye da fure da goro, ba ta dariya sai da dalili. Tana da tsinken itacen geza mai tsini da take ajiyewa a jikin danga, ba mai taɓa shi. Aikinta a jere yake, ba ta tsallake ko ɗaya. Da farko wuri: a ina abin ya tsiro? In a jikin suri ne ko a gefensa, inda gara ke da rai, sai ta durƙusa. In a juji ne, ko inda shanu suka kwana, ko a jikin ruɓaɓɓen itace, ko kallo ba ta sake yi. Na biyu, kai: na ƙwarai yana da ɗan tsini a tsakiya kamar kan malfa. Ko a suri ma ba kowanne ake ci ba, akwai tumukun suri, mai tsayawa kamar taɓarya, cikinsa baƙar ƙura, shi wannan wucewa ake yi. Na uku shi ne tono, kuma a nan ta fi tsanantawa. Ba a tsinkewa, ba a yankewa. Da tsinke ake bin gindin a hankali, ana ture ƙasa, har a zaro wata doguwar saiwa siririya kamar wutsiyar ɓera, wadda ke nutsawa can cikin gidan gara, wani lokaci tsawonta ya kai kamu guda. Ita muke kira wutsiya. Bayan nan sai ta juya shi ta dubi ƙarƙashinsa, ta shinshina. Na ƙarshe a gida ake yi: duk abin da aka samo, ko wa ya samo shi, sai an jera shi a faifai da wutsiyarsa, ta duba ɗaya bayan ɗaya, sannan a yanke. Takan ce, "Wanda yaz zo ba wutsiya, ba shi shiga tukunya." Idan na yi gaggawa sai ta ce, "Daji ba shi ƙarya, mai sauri na ba shi ji."

Abin da take tsoro shi ne laimar kwaɗi. Fari ne, ya fi na suri girma da kyan gani, yana buɗewa kamar faifai, da ɗan dusa-dusa a kansa da zobe a wuyansa. Idan ya tsufa ƙarƙashinsa yakan koma kore-kore kamar ruwan kududdufi, amma yana sabo fari ne fat. Gindinsa dunƙule ne kamar ƙaramar albasa, a saman ƙasa yake zaune, ba shi da wutsiya. To, in an yanke gindi an yayyanka sauran, wa zai rantse wanne ne wanne?

Shekarar da na fara cika azumi, Inna, mahaifiyata, ta haihu a tsakiyar marka. Jego ya zo mata a mugun lokaci. Naman suna ya ƙare, kunu ya koma tsararo, nononta ya ja baya, jaririn yana kuka har muryarsa ta dushe. Ni ce babba, girki ya dawo hannuna. Wata safiya bayan ruwa mai tsawa, Goggo ta tafi gaisuwar mutuwa ƙauyen da ke gaba da mu, Baba yana gona. Na dubi Inna zaune ta jingina da bango, wuyanta ya zurma, na ce a raina yau sai ta ci abin da ya yi kama da nama. Na ɗauki tsinken Goggo ba da izini ba, na tafi surin da muka saba zuwa. Na samu bakwai, na tone su yadda aka koya mini, kowanne da wutsiyarsa. Amma ƙanana ne, ko gindin ƙwarya ba su rufe ba. A hanyar dawowa na biyo ta wani fili inda Fulani suka taɓa zama da shanunsu, sai na hango wasu guda huɗu farare, manya, suna sheƙi cikin ciyawa. Na san dokar wuri. Na sani sarai. Amma na ce ai akwai wani tsohon suri can gefe, wataƙila nasa ne. Na duba ƙarƙashinsu, fari. Na fizge su da hannu, ƙwarya ta cika.

Tun ina ƙarama ba na son ƙazanta, kuma wannan hali ne ya kusa kashe uwata. Da na iso rijiyar bakin gari sai na ga ƙasa ta ɓata ƙwaryar. Na zauna na yanke gindin kowanne da 'yar wuƙata, na watsar a gefen rijiya, na wanke sauran, na shigo gida da abu fes. Na yayyanka, na sa daddawa da barkono da ɗan man shanun da ya rage, na ɗanɗana gishiri sau biyu da ludayi. Ƙanshi ya cika gida. Na zuba wa Inna a akushi, na ajiye gabanta, tana fifita shi da faifai don ya huce.

A daidai nan Goggo ta yi sallama. Ba ta ko sauke mayafi ba, ta tsaya tsakar gida ta ɗaga hanci.

"Wa yat tahi suri?"

Na ce ni ce, ina jiran yabo.

"Ina wutsiyoyin?"

"Na yanke su bakin rijiya, Goggo. Ƙasa ta yi musu yawa."

Ta wuce ni ta shiga ɗakin Inna ta ɗauke akushin. Inna ta riƙe gefensa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa Goggo ba. Ta ce, "Yaya, don Allah ki bar min ko loma biyu. Ɗiyag ga ta san suri, ke kika koya mata." Goggo ta ce, "Na koya mata, amma ban gani ba. Saki." Inna ta saki, ta juya fuska bango, jaririn ya fasa kuka. Goggo ta ɗauki fartanya ta haƙa rami a bayan ɗaki, ta juye akushin da tukunyar duka, ta rufe, ta tattake da ƙafa don kada kaji su tone. Man shanun ƙarshe na gidan yana cikin ramin nan. Na tsaya ina kuka, ina cewa a raina wannan tsohuwa ba ta da imani.

Ba ta dake ni ba. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni har bakin rijiya, rana tsaka, mata na ɗiban ruwa suna kallonmu. Ta ce in tsince duk abin da na watsar in jera a kan dutse. Na tsince. Ta ce in ƙirga. Bakwai masu doguwar wutsiya. Huɗu dunƙulallu kamar albasa.

Ta nuna huɗun da tsinke. "Waɗanga fa, ina wutsiyassu?"

Na juya su ɗaya bayan ɗaya, babu.

"Ina kika samo su?"

"Mashekarin Fulani."

"Kin ɗanɗana miyar?"

"Sau biyu."

Ta dube ni, na ga abin da ban taɓa gani a idonta ba, wato tsoro. Ta ce mu koma gida da sauri. Kafin la'asar cikina ya fara murɗawa. Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne, amai da zawo har na kasa tsayuwa, Goggo tana ɗura mini ruwa da ludayi, yana dawowa, tana sake ɗurawa. Kwana biyu ina kwance. Ɗanɗanon gishiri ne kawai ya yi mini haka, ni da nake da ƙarfina. Inna kuwa akushi guda na zuba mata, ga jego, ga yunwa, ga jariri a nono, kuma babu asibiti sai an yi tafiyar yini a kan jaki. Wannan jaririn shi ne ƙanena da ke zuwa gaishe ni duk Juma'a yanzu da furfurarsa. Ban taɓa gaya masa ba.

Da na warke, Goggo ba ta sake tayar da maganar ba. Abin da ta yi shi ne ta yanko mini nawa tsinken geza, ta fere shi, ta ce daga yau tare za mu riƙa zuwa, kuma ba zan je ni kaɗai ba sai na yi damina uku a bayanta. Haka aka yi. Washegarin ruwa na gaba muka samo goma sha biyu, Inna ta ci, ta yi gumi, ta yi barci.

Yanzu in na dubi yaran gidan nan sai in ga sun fi mu sanin abubuwa da yawa, ban musa ba. Jikata tana iya gaya mini abin da ke faruwa a ƙasar da ban taɓa jin sunanta ba. Amma ba ta san sabara ba in ta gan ta, ba ta taɓa jin ƙanshin suri bayan ruwa ba. Kukan kwaɗi ya koma ƙarar janareta da hon ɗin 'yan kabu-kabu, daka ta koma inji. Mu an koya mana mu tambayi abu inda ya fito kafin mu dubi kyansa. Su an ba su waya, suna nuna mata fuskar abu ta faɗa musu sunansa. Ba laifinsu ba ne. Laifinmu ne da muka shigo birni muka bar tsinken a jikin danga, muka ɗauka abin kunya ne a ce mun ci naman daji na talakawa. Shekara nawa ina gidan nan ban taɓa buɗe baki na faɗi wannan ba?

Ranar Alhamis, ƙarfe bakwai na safe, na buga ƙofar jikata na ce ta kai ni inda ta samo. Ta fito tana kumbure-kumbure. Muka je bayan filin ƙwallon. Wurin tsohon juji ne da ciyawa ta rufe, babu suri ko na magani. Na ba ta wani kara na ce ta tone gindin da ta bari jiya. Ta tone. Dunƙule kamar albasa. Ta tone na biyu, haka. Na kwance ledar da na zo da ita, na juya mata ɗaya daga cikin na jiya, ƙarƙashinsa ya fara komawa kore-kore.

Na ce, "Tambayi wayar taki, ko ta ga wanga."

Ta dubi wayar, ta dubi gindin da ta tono. Can ta ce, "Kan abin kaɗai nin nuna mata, Kaka."

Na ce, "Ni ma ban duba gindi ba." A nan tsaye na ba ta labarin akushin Inna, tun daga farko har ƙarshe. Ta tambaye ni, da an ci jiya fa, su autan gidan? Na ce ta bar tambayar, ta haƙa rami. Ta haƙa, muka binne ledar.

A hanyar gida ta ce, "To na ƙwaran, ina shi ke?" Wannan tambaya nake jira.

Asabar ta farko na sa ɗana ya kai mu wajen ƙauyenmu a mota. Ban gane wurin ba. Inda dajin yake gidajen bulo ne da shaguna, rijiyar an rufe ta, surin da na sani ko tudunsa babu. Ɗana ya ce, "Inna, mu koma, gwiwarki." Na ce gwiwar tawa ce. Asabar ta biyu muka ƙara nisa, muka samu suri uku a cikin gonaki, duk an fasa su, an zuba musu maganin gara, sun mutu. Ta uku ta faɗo washegarin ruwa mai tsawa, muka fita tun da sassafe, muka yi tafiya mai nisa har kwalta ta ƙare. Wani manomi da muka tarar yana noman maimai ya ji abin da muke nema, ya yi dariya ya ce rabonsa da jin mai tambayar wannan tun uwarsa na da rai. Ya nuna mana gefen gonarsa, ƙarƙashin wani marke, inda ya bar suri guda saboda inuwa. Guda biyar ne suka fito a gindinsa, kowanne da ɗan tsininsa a ka. Na durƙusa da ƙyar. Ƙanshin ya bugi hancina, sai na ji kamar Goggo na tsaye a bayana.

Na yanko reshen geza na fere, na miƙa wa jikata. Ta fara tono da gaggawa, wutsiyar ta tsinke a ƙasa. Na ce ta jefar. Na biyu ma ta tsinke. Na ce ta jefar.

Ta ce, "Haba Kaka! Gabanki nit tone shi, kin gani da idonki na suri na!"

Na ce, "Na gani. Ranar da ba ni nan fa, wa za ya gani? Jefar."

Ta jefar tana ƙunƙuni cewa ni da Goggon nan tawa Allah ya haɗa mugun iri. Na uku ta kwanta rub da ciki, ta manta da lallen hannunta, tana bin gindin da tsinke kaɗan-kaɗan, ta fi minti goma. Sai ga wutsiyar ta fito cikakkiya, doguwa, da jar ƙasa a jikinta. Ta ɗaga ta sama tana ihu har manomin ya waiwayo. Uku muka kawo gida. Ban ce mata kome ba, da kanta ta ɗauko faifai ta jera su gabana kafin ta taɓa wuƙa. Kowa a gidan ya samu yanka guda a miya.

Na gaya mata abin da aka gaya mini: ba za ta je ita kaɗai ba sai ta yi damina uku a bayana. Ban san ko ina da damina uku ba, Allah ne ya sani, amma duk safiyar da ta biyo ruwa mai tsawa zan ɗaura zane in fita, ko da sanda.

Kai mai karanta wannan, kada ka ɗauki takardata ka shiga daji da ita, domin abin da na rubuta bai isa ya tsare tukunyarka ba, kamar yadda waya ba ta isa ba. Hannu ne ke koya wa hannu. Roƙona gare ka shi ne, in akwai tsohuwa a gidanku ko a danginku da ta tashi a ƙauye, ka je ka tambaye ta yau ko ta san suri. In ta ce ta sani, ka nemi mota ka kai ta a daminar nan, ka tafi da ɗiyarka, ka ba ta tsinke. Kafin wannan rana kuwa, duk wanda aka kawo muku ba wutsiya, kome kyansa, ka haƙa rami ka binne.